Idan kamfanin jirgi ya sauya maka lokacin tashi ana gab da Sallah

A ce kai ma'aikaci ne a wata ma'aikatar Gwamnatin Tarayya da ke Abuja, kuma ɗan asalin Mashi. Tun cikin watan Sha'aban ka sayi tikitin jirgin Katsina na safiyar jajiberin Sallah, ka sanar da gida, ƙanenka ya sa an duba mota domin ya tarbo ka, tela ya yi alkawarin kammala ɗinkin yara kafin ka iso. Ana saura kwana biyu sai ga gajeren saƙo a waya cikin dare, da Turanci, cewa saboda wasu dalilai na aiki jirgin ƙarfe 9 na safe ya koma ƙarfe 6 na yamma, tare da ba da haƙuri. Wani lokacin ma ranar ce gaba ɗaya za a ɗaga, a mayar da kai ranar Idi, sa'ar da jama'a suka riga suka sauko daga masallaci.

Wanda bai saba ba zai ɗauka tsautsayi ne ya faɗa masa shi kaɗai. Alƙaluman Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, sun nuna akasin haka. A ƙarshen Disamban 2024 shugaban hukumar, Kyaftin Chris Najomo, ya bayyana cewa daga cikin tashi 10,804 da jiragen cikin gida suka yi a watannin Satumba da Oktoba na shekarar, 5,225 sun makara, an kuma soke 190. Ke nan kusan rabin jiragen ba su tashi a kan lokaci ba, a watannin da babu Sallah, babu hazo, babu cunkoson ƙarshen shekara.

Ga mutanen shiyyar Daura abin ya fi zafi, domin sauka daga jirgi ba shi ne ƙarshen tafiya ba. Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina shi ne ƙofar yankin. A nan aka sauke gawar tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ranar 15 ga Yulin 2025 kafin a bi titi da ita zuwa Daura. Mashi na kan wannan titi na Katsina zuwa Daura, kuma duk mai zuwa Mani, Dutsi, Sandamu, Mai'aduwa, Zango ko Ɓaure yana da sauran tafiyar mota a gabansa bayan ya sauka. Jirgin da ya koma yamma yana nufin shiga hanya da duhu, abin da iyalai da dama a Jihar Katsina suka daina yarda da shi a shekarun nan.

Me ke jawo sauyin

Yawancin kamfanonin cikin gida jiragensu ƙalilan ne, kuma jirgi ɗaya kan yi zirga-zirga sau biyar ko shida a yini. Wanda zai kai ka Katsina mai yiwuwa da asuba ya tashi daga Legas, ya sauka Abuja, ya je wani gari ya dawo, sannan ya zo kanka. Idan tsuntsu ya faɗa injinsa a tashin farko, ko aka rufe sararin samaniya na ɗan lokaci saboda wucewar wani babba, kowane tashi da ke bayansa zai gaji wannan jinkirin, yana ƙaruwa har dare. Matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi kuma suna da iyakar sa'o'in da doka ta yarda su yi aiki. Idan suka cika, jirgi zai kwana a inda yake ko da lafiyarsa lau.

Akwai kuma lissafin kasuwa, wanda kamfanoni ba sa son ambatarsa. Idan jirgin safe bai cika ba, na yamma ma bai cika ba, haɗe su wuri ɗaya ya fi riba. Garuruwan da fasinjojinsu ba su kai na Legas da Abuja da Kano yawa ba su ne suka fi fuskantar irin wannan, domin a ranar da jirgi ɗaya ya lalace, kamfani zai fara ceto hanyar da ta fi kawo masa kuɗi. A ganina wannan ne ya sa kalmar nan ta "dalilai na aiki" ta zama bargon da ake lulluɓe komai da shi, tun daga lalacewar inji har zuwa ƙarancin fasinja.

Sai yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan rage nisan gani a filayen jiragen Arewa, har matuƙi ya kasa sauka, ya yi ta shawagi ko ya juya da fasinjoji inda ya fito. Da damina kuma guguwa da tsawa ne. Tun da watannin Musulunci na ja baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara, azumi da Ƙaramar Sallah na ƙara matsowa cikin hunturu, wato a shekaru masu zuwa tafiyar Umara da ta Sallah za su riƙa cin karo da hazo fiye da yadda aka saba a baya-bayan nan. Wasu filayen kuma ba a sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana, don haka jinkirin awa uku da la'asar kan rikiɗe ya zama kwana.

Akwai manyan dalilai da kan share jadawali gaba ɗaya. A ranar 8 ga Maris na 2017 an rufe filin jirgin Abuja na tsawon mako shida domin gyaran titin sauka, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. A 2022 tsadar man jirgi ta sa ƙungiyar kamfanonin cikin gida ta yi barazanar dakatar da aiki daga 9 ga Mayu, kafin ta janye. Yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago na 3 ga Yunin 2024 ya tsayar da jirage a manyan filaye. Bayan tayar wani jirgin Max Air ta fashe yayin sauka a Kano a ƙarshen Janairun 2025, jiragen kamfanin na cikin gida sun tsaya na wasu makonni. Ga Katsina, mahaifar mai kamfanin, Alhaji Ɗahiru Barau Mangal, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Duk wanda ke riƙe da tikiti a irin waɗannan ranaku sai da ya sake lale.

Jinkiri daban, sokewa daban

Haƙƙin fasinja na ƙunshe ne a Sashe na 19 na ƙa'idojin sufurin jiragen sama na Najeriya, waɗanda aka sabunta a 2023. Yana da kyau mai yawan tafiya ya san abin da ke ciki, domin ma'aikacin kanta ba zai karanta masa ba.

Idan jirgin cikin gida ya makara, wajibi ne kamfani ya faɗi dalili cikin minti 30 bayan lokacin da aka tsara tashi. Bayan awa biyu, fasinja na da haƙƙin abin taɓawa da na sha, da damar kiran waya ko aika saƙo. Idan jinkirin ya wuce awa uku, yana da ikon cewa ya fasa, a mayar masa da kuɗinsa. Idan abin ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, ko aka rufe filin tashi ko na sauka, masauki da motar kai shi da dawo da shi suna wuyan kamfani. Idan kuma ya zarce awa shida, akwai diyyar kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti.

Idan sokewa aka yi, zaɓi na hannun fasinja: ko a mayar masa da kuɗinsa, ko a sa shi a jirgi mafi kusa da zai kai shi inda ya nufa, ko a ba shi wata ranar da ta dace da shi matuƙar akwai kujera. Ban da wannan akwai diyya, kashi 25 cikin 100 a tafiyar cikin gida, kashi 30 a ta ƙetare. Sai dai diyyar na faɗuwa idan kamfani ya sanar da shi aƙalla awa 24 kafin lokacin tashi a cikin gida, ko kwana bakwai a tafiyar ƙetare. Haka nan tana faɗuwa idan kamfani ya tabbatar da cewa abin da ya faru ya fi ƙarfinsa, kamar hazo ko rufe filin jirgi.

A nan ne saƙon nan na ana saura kwana biyu yake samun mafaka. Tun da ya iso kafin awa 24, kamfani ya kuɓuta daga diyya. Abin da bai kuɓuta daga gare shi ba shi ne zaɓin da doka ta ba ka. Ba dole ba ne ka karɓi sabon lokacin da aka yanka maka. Yawancin fasinjoji a nan suke yin asara: saƙon kan zo da wurin latsawa domin amincewa, ko ma'aikaciya ta kira ta tambaya cikin ladabi ko an ga sabon lokaci, mutum ya ce "to, Allah Ya kai mu." Da zarar ka amince, sabon lokacin ya zama yarjejeniya, kuma duk wani sauyi da ka nema daga baya kai za ka biya tararsa. Gara ka ce a ba ka awa ɗaya ka yi shawara, ka duba abin da sauran kamfanoni ke da shi, sannan ka ba da amsa a rubuce.

Wani abin lura shi ne nauyin tabbatar da cewa an sanar da fasinja, da kuma lokacin da aka sanar da shi, yana kan kamfani ne. Amma idan ta hannun ejan ka sayi tikiti, kuma lambar wayarsa da imel ɗinsa ne a rajistar, kamfani zai nuna cewa ya aika saƙo, alhali kai ba ka ji ba ba ka gani ba, sai ka je fili da kaya ka tarar jirgi ya tashi tun safe. Domin sauyin ba kullum baya yake yi ba. Akan jawo lokaci gaba, kuma wannan ya fi muni. Duk wanda ya sayi tikiti a hannun ejan ya tsaya kai da fata a sa lambar wayarsa, ya karɓi lambar rajistar mai haruffa shida, ya riƙa shiga shafin kamfanin ko manhajarsa yana dubawa da kansa, musamman a kwana ukun ƙarshe.

Batun mayar da kuɗi kuwa, ƙa'ida ita ce wanda ya biya da tsabar kuɗi a kanta a mayar masa nan take, wanda ya biya ta banki ko ta intanet kuma cikin kwana 14. Wanda ya bi ta ejan, kuɗin ta hannun ejan za su dawo, kuma nan ma wani dogon zance ne.

Kuɗin da aka mayar ba sa sayen kujera

Ko da komai ya tafi bisa doka, akwai asarar da Sashe na 19 bai rufe ba. A ce ka sayi tikitinka Naira 100,000 tun da wuri. Ana jibi Sallah kujerar da ta rage a wani kamfanin ta kai 200,000, idan ma akwai ta. Aka mayar maka da kuɗinka cif, har aka ɗora diyyar 25,000, har yanzu da sauran 75,000 daga aljihunka, kuma kuɗin da za a mayar ɗin sai bayan Sallah za su shigo. Saboda haka a lokacin cunkoso, neman a sa ka a wani jirgin ya fi neman kuɗi amfani, sai fa idan ka riga ka ga kujera a wani wuri kuma kana da abin biya a hannu.

Kada a karɓi takardar alkawarin tafiya ta gaba a madadin kuɗi ba tare da an karanta sharuɗɗanta ba. Irin wannan takarda kan zo da wa'adi, wata ba a amfani da ita a lokacin bukukuwa, kuma idan kamfanin ya dakatar da aiki ta zama takardar tsire. Masu riƙe da tikitin Dana Air sun ga haka bayan an dakatar da kamfanin a Afrilun 2024.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Idan tikitinka na zuwa da dawowa ne, ka fusata ka hau mota zuwa gida ba tare da ka sanar da kamfani ba, na'urarsu za ta rubuta cewa ba ka zo ba, kuma a mafi yawan kamfanoni hakan na soke tikitin dawowa kai tsaye. Sai ranar komawa aiki ka je Katsina ka tarar babu sunanka. Kafin ka bar filin jirgi ko ka kashe waya, ka tabbatar an raba tafiyar biyu: a mayar da kuɗin zuwa, a bar ta dawowa da rai, kuma a turo maka sabon tikiti da ke nuna haka.

Katsina ko Kano

Mutumin Mashi da na Daura na da wata dama da ba kowa ke da ita ba: filaye biyu na yi musu hidima. Filin Malam Aminu Kano ya fi na Katsina yawan jirage da kamfanoni nesa ba kusa ba, kuma daga Kano akwai hanyar Ɗambatta da Kazaure zuwa Daura, daga nan a wuce Mashi, ko kuma hanyar Bichi da Kankiya zuwa Katsina. Ga mutumin Daura ko Sandamu, sauka a Kano da hantsi ya fi sauka a Katsina da magariba. Ga na Mashi tafiyar ta fi tsawo, amma duk da haka ta fi kwana a Abuja.

Don haka idan aka ɗaga jirgin Katsina, tambayar farko ga kamfani ita ce ko yana da kujera a jirgin Kano na safiyar ranar, kuma a mayar da kai can ba tare da ƙarin kuɗi ba, tun da su suka saɓa. A yi maganar kuɗin mota tun kafin a amince, ko da ba za a samu ba. Kamfanoni sun fi saurin yarda da wannan sauyi fiye da mayar da kuɗi, domin kujerar da ba a sayar ba ba ta ci musu komai.

Wanda ya yanke shawarar bin hanya daga Abuja kuwa ya yanke ta da wuri. Tafiyar da jirgi ke yi cikin kimanin awa ɗaya, mota yini guda take ci, ta Kaduna da Zariya, kuma jajiberin Sallah tasha cike take, kuɗin mota ya ninka. Wanda ya zauna a fili har la'asar yana jiran sanarwa ta biyar ya rasa jirgi, ya rasa mota. Na fi ganin hikimar mutum ya sa wa kansa iyaka tun daga gida: idan ƙarfe kaza ta yi ba a kira shiga ba, zan nemi haƙƙina in kama wata hanya. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na rage wani ɓangare na tafiyar, amma tikitinsa ma kan ƙare da wuri a irin waɗannan ranaku.

Ranar Sallar ita ma tana motsi

Wani abin da ya bambanta hutunmu da na Kirsimeti shi ne ba a san ranar Ƙaramar Sallah tabbas ba sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da hutun Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu, da azumi ya cika talatin sai ta ƙara Alhamis 11 ga wata. Wanda ya sayi tikitin komawa na yammacin Laraba ya sami kansa yana barin gida a ranar Idi, ko kuma ya biya tarar sauya rana, domin a wannan karon shi ne ya sauya, kamfani bai saɓa ba. Dabarar ita ce a yi lissafin zuwa da azumi 29, a yi na dawowa da azumi 30. Babbar Sallah ta fi sauƙi tun da akan san ranarta kwana tara ko goma kafin ta zo.

Mai son kallon hawa a Katsina ko Hawan Magajiya a Daura, ko mai zuwa Sallar Gani da baƙi daga nesa, ya ƙara kwana ɗaya a gaba. Tikitin da ya fi arha galibi shi ne wanda ba a sauya shi sai da tara mai nauyi. A lokacin da ranar biki ba ta tabbata ba, ɗan ƙarin kuɗin tikiti mai sassauci ya fi tarar araha. Jirgin farko na safe kuma ya fi na yamma tabbas, saboda bai gaji jinkirin kowa ba, sai dai a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo kan yi kauri da sassafe.

Masu Umara da masu zuwa saro kaya

Asara mafi girma na faɗa wa wanda ya haɗa tikiti biyu da ba su san juna ba. Ɗan kasuwa ya sayi tikitin Katsina zuwa Abuja a kamfanin gida, ya sayi na Abuja zuwa Dubai ko Guwanzu ko Jidda a wani kamfanin, ya bar awa huɗu a tsakani yana ganin ya isa. Aka ɗaga na farko, na biyu ya tashi babu shi. Kamfanin gida zai ce alhakinsa ya tsaya a Abuja, abin da zai mayar bai wuce kuɗin tikitinsa ba. Kamfanin waje zai ce fasinja bai zo ba. Tikitin miliyoyi, da otal ɗin da aka biya a Makka na goman ƙarshe, da kwanakin biza, duk sun tafi a kan jinkirin jirgin awa ɗaya. Maganin wannan ɗaya ne, kuma tsofaffin 'yan kasuwar Kantin Kwari sun daɗe da saninsa: a kwana a garin da babban jirgi zai tashi. Ga mutanen shiyyar Daura, tashi daga Kano kai tsaye, inda mota ke iya kai mutum, ya fi bi ta Abuja ko Legas kwanciyar hankali ko da tikitin ya ɗan fi tsada.

Idan kuwa tafiyar duka a tikiti ɗaya take, misali Kano zuwa Adis Ababa zuwa Guwanzu, kamfanin ne ke da alhakin kai ka ƙarshenta, har da masauki idan sauyin da ya yi ya sa ka kwana a hanya. A lura da sauyin da ke matse lokacin canjin jirgi: idan an mayar da tazarar awa uku ta koma minti 40, kana da hujjar ƙin karɓa.

Mai Umara ta hannun kamfanin shirya tafiya ya tabbatar kamfanin na da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, kuma a rubuta a yarjejeniya wanda zai ɗauki nauyin ƙarin kwanakin otal idan jirgin dawowa ya ɗaga. A Saudiyya akwai sabbin ƙa'idojin kare fasinja da suka fara aiki ranar 20 ga Nuwamban 2023, waɗanda suka shafi jiragen da ke tashi daga filayen ƙasar, ciki har da diyyar Riyal 750 ga jinkirin da ya wuce awa shida. Wanda ya maƙale a Jidda ko Madina bayan Sallah yana iya kai ƙara can. Tarayyar Turai kuwa tun 2004 take da dokar da ke ba da diyyar Yuro 250 zuwa 600, kuma wa'adin sanarwarta kwana 14 ne. Amurka ta ƙara gaba a 2024, ta fayyace cewa sauyin awa uku a cikin gida ko awa shida a tafiyar ƙetare babban sauyi ne da ke wajabta mayar da kuɗi kai tsaye idan fasinja bai karɓa ba. Idan aka auna da waɗannan, awa 24 ɗinmu ta yi wa kamfanoni sassauci da yawa, musamman a makon Sallah da ba a samun kujera ko da kwana uku.

Kai ƙorafi

Hayaniya a kanta ba ta taɓa tayar da jirgi ba. Yarinyar da ke zaune a wurin ba ita ta ɗaga shi ba, kuma tare ƙofar shiga ko taɓa ma'aikaci laifi ne da kan kai mutum hannun jami'an tsaro, ya mayar da mai gaskiya mai laifi. Abin da ke aiki shi ne takarda. A ɗauki hoton saƙon da lokacin da ya shigo, a adana tikitin farko kafin na'ura ta maye gurbinsa da sabo, a ɗauki hoton allon sanarwa, a riƙe katin shiga jirgi da rasit na abinci, mota da masauki. A rubuta wa kamfanin ta imel a ranar, a faɗi lambar rajista, abin da ya faru da abin da ake nema, a taƙaice.

NCAA na da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jirage, kuma zuwansu kanta kan sauya muryar manaja. Idan kwana 14 suka wuce babu kuɗi, a shigar da ƙorafi a shafin intanet da hukumar ta buɗe domin haka a 2024, tare da hotunan shaidun. Sashen da ke kula da wannan, ƙarƙashin Michael Achimugu, ya sanar a Disamban 2024 cewa ya fara hukunta kamfanoni biyar, uku na gida biyu na waje, kan laifuffukan da suka haɗa da ƙin mayar da kuɗi a kan lokaci. Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, sannan kotu ga wanda asararsa ta kai a yi shari'a. Gaskiya ne bin diyyar Naira 25,000 na iya cin wata guda, shi ya sa da yawa kan ce sun bar wa Allah. Kamfanoni sun san da haka, kuma yana cikin lissafinsu.

Ma'aikacin gwamnati na da ƙarin buƙata guda. Idan jirgin komawa ne aka ɗaga har ya rasa ranar farko ta aiki, ya nemi kamfanin ya ba shi takardar shaida ko imel mai ɗauke da lambar jirgi da ranar da aka soke shi, ya tura wa shugaban sashensa tun yana Katsina, kafin a buɗe rajistar halarta. Takardar tuhuma ta fi sauƙin amsawa idan shaidar ta riga ta isa ofis.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, an tsara shi ne ya ratsa Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara ɗaukar fasinja, mutumin Mashi da aka karkatar zuwa Kano zai iya sauka daga jirgin sama ya hau na ƙasa har gida. Kafin nan, ƙanen da zai tarbo ka ya cika tanki tun daren jiya, ya kuma san cewa kiran da zai shigo masa da asuba na iya cewa ya juya kan mota ta Daura da Kazaure.